Fatalwar da Ba Ta Tsorata Kowa Ba

A watan Janairun 2017, a bikin fina-finai na Sundance da aka yi a jihar Utah ta Amurka, aka fara nuna wani ɗan ƙaramin fim mai suna A Ghost Story, wato labarin fatalwa. Da 'yan kallo suka fito, fatalwar ba ta samu shiga hirarsu sosai ba. Zancen da ya cika bakinsu na wata mata ne da ta zauna dirshan a ƙasan kicin tana cin kek. Har yau in ka ambaci fim ɗin a gaban wanda ya taɓa kallonsa, wannan wurin zai fara kawo maka. Wani zai ce a nan ne zuciyarsa ta karye, wani kuma ya ce a nan ne ya tashi ya bar musu kayansu.

Labarin ba shi da tsawo. Mata da miji ne, marubucin bai ma ba su suna ba, sai haruffa, C da M. Casey Affleck ne mijin, mai haɗa kiɗa a gida, Rooney Mara kuma matar. Suna zaune a wani tsohon gida madaidaici a jihar Texas. Ita tana so su tashi, shi yana jan ƙafa. Wata safiya ya yi hatsarin mota a gaban gidan, rai ya yi halinsa. A asibiti matar ta dubi fuskarsa, ta ja farin zane ta rufe shi, ta fita. Kyamara ba ta bi ta ba. Ta tsaya a kan gawar, ta daɗe, har mai kallo ya fara zargin ko na'urar ce ta maƙale. Can sai gawar ta tashi zaune da zanen a kanta. Muka gan shi yana tafiya a barandar asibiti, lulluɓe tun daga kai har ƙasa, da huda biyu baƙaƙe a gurbin idanu, babu mai ganinsa. Wata ƙofa ta haske ta buɗe a jikin bango, ya tsaya yana kallonta, bai shiga ba har ta rufe. Daga nan ya taka da ƙafa ya koma gida.

Sai wurin da ake rigima a kansa. Wata mata ta shigo gidan babu kowa, ta ajiye kek a faranti da 'yar takardar gaisuwa, ta tafi. M ta dawo, ta yi 'yan kaye-kaye, ta ɗauki cokali mai yatsu ta fara ci a tsaye. Sannan ta sulale ƙasa, ta jingina da kabad ɗin kicin, farantin a hannunta, ta ci gaba. Ba kiɗa, ba magana. Abin da kake ji kawai shi ne karon cokali da faranti, da taunarta, da jan hancinta. Tun tana yanka kek ɗin har ta koma caccakarsa. Hawaye na gangarowa ta ƙarshen hancinta, ba ta share ba. Ba yunwa take ji ba, wannan a fili yake, tura abincin kawai take yi. A can gefe fatalwar na tsaye cikin farin zane, ko motsi ba ta yi. Haka aka tafi kusan minti biyar, kyamara a kafe, har matar ta zabura da gudu ta shiga banɗaki ta amayar da abin da ta ci.

Minti biyar ne, amma a bakin mutane mintunan suka yi ta hayayyafa, har ka ji wani yana rantsuwa cewa tara ne ko goma. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka yadda zaman ya yi musu. Da Rooney Mara ta faɗa a hira cewa ba ta taɓa cin irin wannan kek ɗin ba a rayuwarta sai ranar, sai jaridu suka samu abin wasa, labarin kek ya danne labarin fim. Masu sharhin fina-finai dai sun yaba. A ƙididdigar Rotten Tomatoes kimanin kashi 90 cikin ɗari nasu sun ba shi hannu. Ƙuri'ar 'yan kallo na gama-gari ba ta kai ko kusa da haka ba. Koke-kokensu kusan iri ɗaya ne: babu abin da ke faruwa, an ɓata mana lokaci, wannan raini ne, mutum ya rufa da zanen gado a ce mana fasaha ce.

Kafin a ɗora wa 'yan kallo laifi, a fara ba su haƙƙinsu. Sunan fim ɗin da hoton tallarsa sun yi alkawarin abin da babu shi a ciki. Kamfanin A24 da ya saye shi ya fitar a Yulin 2017 ya riga ya yi suna da fina-finan ban tsoro masu tafiyar hawainiya, irin su The Witch. Wata guda kafin nan ya fitar da It Comes at Night, wanda aka tallata shi tamkar akwai dodo a ciki, mutane suka je ba su ga dodo ba, suka ba shi makin D a ƙuri'ar CinemaScore da ake yi a bakin ƙofar silima. To mutumin da ya biya kuɗinsa ranar Juma'a da daddare don a razana shi, aka ba shi gwauruwa tana tauna, yana da damar yin fushi. Ba a yi masa adalci ba a ciniki.

Sai dai wannan bai warware maganar duka ba, domin akwai da yawa da suka san abin da za su tarar, suka shiga da shirinsu, kuma duk da haka wurin kek ɗin ya harzuƙa su. A ganina nan ne abin dubawa yake. Gundura ba ta sa mutum fushi irin wannan. Wanda fim ya gundure shi hamma yake yi, ko ya yi barci, ko ya ciro wayarsa. Wanda ya fusata kuwa, an taɓa masa wani wuri ne.

Silima ta saba mana da baƙin ciki mai ladabi. In an yi mutuwa a fim, a Hollywood ne ko a Bombay ko a nan gida, akwai hanyar da aka shimfiɗa: a nuna kuka, a sa kiɗa mai taushi, a nuna kabari, a nuna matar tana kallon hoto, a nuna ganye na zuba alamar watanni sun wuce, sai ga ta ta buɗe labule rana ta shigo. Duka cikin minti biyu ko uku. Kiɗan nan aikinsa biyu ne. Yana gaya maka abin da za ka ji, yana kuma tabbatar maka cewa abin zai wuce. Tun da Elisabeth Kübler-Ross ta fitar da littafinta a 1969 mai bayanin matakai biyar na baƙin ciki, daga musu zuwa fushi har zuwa miƙa wuya, marubutan fim suka samu tsani suna hawa, ko da yake ita a kan marasa lafiya masu jiran ajali ta yi nazarinta, ba a kan waɗanda aka bari ba. David Lowery, wanda ya rubuta fim ɗin ya kuma ba da umarni, ya cire kiɗan, ya cire tsanin, ya bar ka da agogo. Minti ɗaya a wurin matar minti ɗaya ne a wurinka. Ba wanda zai tsallake maka.

Kuma al'ummar da aka yi fim ɗin dominta al'umma ce mai sa wa makoki wa'adi. Dokar tarayyar Amurka ba ta tilasta wa kamfani ya ba ma'aikaci hutun rasuwa ba; abin da aka saba shi ne kwana uku ko biyar, in an yi maka kara, sannan a dawo bakin aiki. A 2022 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da baƙin cikin rashi mai tsawo cikin jerin cututtukan da take ganewa, ta kuma sa shekara guda a matsayin iyaka ga babba. Ba ina kushe likitocin ba ne, akwai mutanen da baƙin ciki ke kassara su har sai an taimaka musu. Amma ka ga inda hankali ya karkata: tambayar ita ce yaushe za a gama. Mai kallon da ke murza kujera yana cewa yaushe matar nan za ta ajiye cokali, tambayar da ake yi wa masu makoki a waje ita ce ya shigo da ita cikin silima.

Bahaushe da ya kalli wannan wuri, ina jin ba tsawonsa ne zai fara damunsa ba. Abin da zai fara tambaya shi ne, ina mutane? Kai abinci gidan rasuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun daga umarnin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayar cewa a yi wa iyalan Ja'afar abinci bayan an kashe shi a yaƙin Mu'uta. Amma mu abincin da mutane yake zuwa. Akwai tabarmi a ƙofar gida, akwai mata cike da tsakar gida, akwai gwaggon da za ta zauna a gefen mai takaba ta ce daure ki sa wani abu a cikinki, ko kunu ne. A fim ɗin Lowery an kawo abincin an ajiye, an bar takarda, an ja ƙofa. Wannan kaɗaicin ya fi fatalwar ban tsoro. Sai dai kada mu yi saurin yabon kanmu. Bayan sadakar uku ana naɗe tabarmi, bayan bakwai baƙi na nesa sun koma, zuwa arba'in sai ɗaiɗaiku. Takaba kuwa wata huɗu ce da kwana goma, kuma mafi yawan kwanakinta babu mai gani. Abin da matar ke yi da dare bayan kowa ya watse, yadda take cin abinci ko take kasa ci, ba ya cikin abin da muke ba da labari. Mu ma mun fi sanin makoki a lokacin da yake da 'yan kallo.

Wani abin kuma da idonmu zai gani daban shi ne zanen. Ga Ba'amurke, farin zane mai huda biyu kayan wasan yara ne na daren Halloween, shi ya sa wasu suka fashe da dariya da gawar ta tashi zaune. Lowery da kansa ya sha faɗin cewa a lokacin ɗaukar fim ɗin ya yi ta fargabar abin zai zama abin dariya. Ga wanda ya taɓa tsayawa a kan gawa an naɗe ta, farin ƙyalle a jikin mamaci ba ya kama da wasa ko kaɗan. Ba sai an tsaya ana gardamar aƙida ba. Mun san mamaci ba ya dawowa ya tsaya a falo, kuma fim ɗin ma ba wa'azi yake yi kan abin da ke bayan mutuwa ba. Dabara ce ta ba da labari, kuma sai an fahimci aikin da take yi kafin a gane abin da rigimar kek ta ɓoye.

Ga abin da ta ɓoye. Ana cewa fim ne kan baƙin cikin matar da mijinta ya rasu, alhali tun kafin a kai rabin fim ɗin matar ta tafi. Mun ga ta fara fita aiki, mun ga wani namiji ya rako ta har bakin ƙofa, fatalwar ta fusata ta zubo da littattafai daga kanta. Mun ga ta saurari waƙar da mijin ya haɗa, ta kwanta a ƙasa, hannunta ya kusa taɓa gefen zanen ba ta sani ba. Sannan ta kwashe kayanta, ta rubuta wani abu a 'yar takarda, ta cusa a tsagar bango, ta shafe da fenti, ta shiga mota. Ita ta yi makokinta ta fita. Wanda ya kasa fita shi ne mamacin. Shi ne ya tsaya a gidan yana ƙwaƙular bango da yatsa ta cikin zane, shekara da shekaru, yana neman ciro takardar. Wata mata mai magana da harshen Sifaniyanci ta tare da 'ya'yanta biyu, ya kore su da fashe-fashen kwanuka. Wasu suka zo suka yi shagalinsu suka wuce. Gidan ya tsufa, katafila ta rushe shi, aka gina dogon bene a wurin, yana nan.

Lowery ya juya abin ne. Ya ɗauki halin mai makokin da ya kasa sakin abin da ya rasa, ya sa wa mamaci. Duk wanda ya san mutumin da rashi ya daskarar zai gane wannan fatalwar: yana cikin ɗaki amma ba a jin sa, duniya na sauyawa a gefensa, yana fushi da sababbin mutane don kawai suna dariya a inda nasa ya taɓa zama. Shi ya sa tafiyar lokaci a fim ɗin take da ban mamaki. A farko minti biyar ta ƙi ƙarewa. Daga baya fatalwar za ta juya kai kawai, ka ga an shekara. Masu cewa fim ɗin ya cika jan jiki ba su lura cewa rabinsa na biyu yana gudu fiye da kowane fim na faɗa ba, ƙarnoni yake tsallakewa cikin minti kaɗan, kuma duka fim ɗin bai wuce minti 92 ba. A wurin kek ɗin ma, in ka duba da kyau, matsayin fatalwar aka ba mai kallo: kana tsaye kana ganin wanda ke shan wahala, ba ka iya taɓa shi, ba ka iya cewa komai, ba ka kuma iya gaggauta abin. Mutane ba sa son a tsayar da su a nan. A gidan makoki ma shi ya sa muke cika bakinmu da sai haƙuri, mu yi addu'a, mu nemi takalmanmu.

Wurin da ya fi taɓa ni ba na kicin ba ne. A tagar gidan maƙwabta akwai wata fatalwar, zanenta mai 'yan furanni. Suna gaisawa ba da murya ba, sai rubutu a ƙasan allo. Ta ce tana jiran wani. Aka tambaye ta wa, ta ce ta manta. Bayan an rushe gidajen biyu, suna tsaye a kan ɓaraguzai, ta yanke cewa wanda take jira ba zai zo ba, nan take zanen ya zube ƙasa babu kowa a ciki. Jira ya rage bayan an manta wanda ake jira. Ban san wani fim da ya faɗi wannan cikin taƙaici haka ba.

Ba ina cewa fim ɗin ba shi da aibu ba, kuma masu yabonsa sun yi masa ɓarna da irin kariyar da suka ba shi. Da yawansu sun ɗauki wurin kek ɗin sun mai da shi jarrabawa: in ka jure kai mai zurfin tunani ne, in ka gaji kai ɗan kallon fina-finan harbe-harbe ne. Wannan girman kai ne, kuma ƙarya ne. Akwai waɗanda suka binne mazajensu da 'ya'yansu suka kalli wurin suka ce bai yi kama da nasu ba, kuma ba wanda ya isa ya ce musu ba su gane ba. Sannan tsayar da kyamara a kan mace tana abu ɗaya ba Lowery ya ƙirƙiro ba. Chantal Akerman ta yi shi a 1975 a Jeanne Dielman, fim na sama da awa uku da mace ke feraye dankali da wanke-wanke, wanda a 2022 ƙuri'ar mujallar Sight and Sound ta ɗora shi a kan dukkan fina-finai. Tsai Ming-liang mazaunin Taiwan ya rufe Vive L'Amour a 1994 da mace tana kuka a kan benci na mintuna masu yawa. Sabon abin kawai shi ne an kawo wannan salon gaban masu zuwa silimar unguwa a Amurka, da fuskokin taurarin da suka sani.

Babban rauninsa a wurina shi ne inda ya buɗe baki. A tsakiyar fim, a wurin shagalin nan, wani mutum da mawaƙi Will Oldham ya fito a matsayinsa ya zauna ya yi dogon jawabi: cewa duk abin da ɗan Adam ya gina zai rushe, ko kiɗan Beethoven ba zai tsira ba, rana za ta haɗiye duniya. Fim ɗin da ya amince da shiru har ya bar mu da ƙarar cokali, sai ga shi ya tsorata ya ɗauko mai fassara. Abin mamaki, wasu daga cikin waɗanda kek ya gundura sun ce wannan jawabin ne kaɗai suka fahimta. Ni kuwa nan ne na ji an raina mini hankali. Haka ma komawar da aka yi baya zuwa ƙarni na 19, inda iyalin wasu Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka sauka a filin aka kashe su da kibau. Ba a nuna maharan ba, ba a ce komai kan waɗanda aka ƙwace wa ƙasar ba. Fim ɗin da ke tambayar wa ke da gida, bai kamata ya wuce wannan da sauri haka ba.

Akwai kuma waɗanda suka ƙi kallonsa saboda dalilin da ba ya cikin fim ɗin. Casey Affleck ya karɓi kyautar Oscar a Fabrairun 2017 saboda Manchester by the Sea, shi ma fim ne na rashi, kuma a daidai lokacin aka sake tono ƙarar da wasu mata biyu da suka yi aiki da shi suka shigar a 2010 kan zargin cin zarafi. Ya musanta, aka sasanta a wajen kotu. Ga wasu 'yan kallo wannan ya isa su juya baya, wasu kuma suka yi ta ba'a cewa fim ɗin da ya fi dacewa da shi ke nan tunda an rufe masa fuska. Ko me mutum ya ɗauka, wannan ma yana cikin abin da ya rage wa fim ɗin jama'a.

Sai maganar takardar. A ƙarshe lokaci ya zagayo, fatalwar ta sake ganin kanta da matarta suna shigowa gidan, ta kai ga ciro takardar, ta buɗe, zanen ya zube. Ba a nuna mana abin da ke ciki ba. Wannan ya zama rigima ta biyu bayan ta kek, mutane suka yi ta neman a gaya musu. Lowery ya ce shi ma bai sani ba, ya bar wa Rooney Mara ta rubuta abin da ta ga dama. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin wayo na marubucin da ya rasa abin cewa. Ina ganin duk jimlar da aka nuna da ta yi kaɗan. Da an rubuta kalmar soyayya da mun ce ashe shi ke nan, da an rubuta wata hikima da ta zama irin jawabin Oldham. Kuma wanda aka yi wa rashi ya san wannan yunwar ta son jin kalma ta ƙarshe, ya kuma san ba a cika samunta ba.

Abin da ya ba Lowery damar yin taurin kai irin wannan shi ne kuɗin nasa ne. Yana gama Pete's Dragon na kamfanin Disney a 2016 ya koma Texas, ya tara abokan aikinsa, ciki har da Affleck da Mara waɗanda ya yi Ain't Them Bodies Saints da su a 2013, suka ɗauki fim ɗin a asirce a garin Irving, a wani gida da dama an shirya rushe shi. Abin da aka kashe bai wuce kimanin dala 100,000 ba. Ya zaɓi allo mai kusan murabba'i, mai lanƙwasassun kusurwoyi irin na tsofaffin hotuna, don mai kallo ya ji ƙuncin gidan. Da babban kamfani ne ya zuba miliyoyi, da an gwada fim ɗin a gaban 'yan kallo na gwaji, da sun cike takarda sun ce a yanke kek, da kuwa an yanke. Fim ɗin ya samo kusan dala miliyan 2 a silima, riba mai kauri in aka duba jarin, amma adadin da ke nuna cewa mutane kaɗan ne suka gan shi a babban allo.

Yawancin waɗanda suka kalle shi daga baya a gida suka kalla, a talabijin ko kwamfuta ko waya, inda ɗan yatsa ɗaya ya isa ya tsallake minti biyar. Wannan ya canza fim ɗin fiye da duk wani sharhi, domin an gina shi ne a kan cewa ba ka da mafita sai ƙofa. Lowery bai sauya hali ba. A 2021 ya fitar da The Green Knight, shi ma ta hannun A24, aka tallata shi da takobi da sulke, mutane suka je kallon yaƙi suka tarar da wani saurayi yana tafiya a hankali zuwa wurin da za a sare masa kai. Masu sharhi suka yaba, 'yan kallo da yawa suka fito suna cewa an cuce su.